Tafiya ko Tahiya: Hoton Ƙashi da Warkewar Majinyaci Bayan Tiyatar Karayar Gwiwa a Sakkwato

Tsakure

Maƙalar ta dubi alaƙar da ke tsakanin abin da hoto ke nunawa bayan tiyatar karayar gwiwa da yadda majinyaci ke komawa harkokinsa. An taƙaita bayani a kan karayar dandamalin ƙwauri, domin ita ce aka fi jayayya a kanta. An bi nazarce-nazarcen da aka yi a Suwidin da Kanada da Amurka da Birtaniya, sannan aka gwada su da rayuwar mutumin cikin garin Sakkwato. Ra'ayin maƙalar shi ne, miƙewar ƙafa da tsayuwar gaɓa sun fi 'yar gargadar saman ƙashi faɗa mana makomar gwiwa, kuma ma'aunan warkewa da muka aro ba su kula da abin da ya fi damun majinyacinmu ba, wato naɗe gwiwa har ƙarshe.

1.0 Gabatarwa

Ƙofar Taramniya ɗaya ce daga cikin ƙofofi takwas na tsohon birnin Sakkwato. Yau abin da ya fi ɗaukar idon baƙo a wurin shi ne cunkoso. Wanda ya tsaya bakin hanya bayan La'asar zai ga 'yan kabu-kabu suna kurɗawa tsakanin motoci da keke Napep, kowane da fasinja ɗaya ko biyu a baya. Likitan ƙashi idan ya dubi wannan cunkoso, abu guda yake gani: gwiwar mai babur da ta fasinjansa suna daidai tsayin bambar mota. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1929 likitoci biyu na birnin Boston, Cotton da Berg, suka laƙaba wa karayar gwiwa da ake samu ta wannan hanya sunan gefen motar da ke haddasa ta.

Bayan an yi aiki an sa ƙarfe, akan wayi gari da mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa na kallon abu daban. Likita ya ɗaga hoto yana jin daɗi, domin kusoshi sun zauna, ƙashi ya haɗe. Majinyaci kuwa ya dafa gwiwa ya ce, "Likita, har yanzu ba ni iya tahiya." A nan sai an yi hattara. A bakin Basakkwace, tafiya ita ce tahiya. Ke nan maganar tana iya nufin ba ya iya takawa, tana kuma iya nufin ba ya iya zaman tahiya a salla. Likitan da ya taso a Kano ko Zariya dole ya sake tambaya: wacce daga ciki? Sau da yawa mutumin da ƙafarsa ya shigo, ba sanda. Ta biyun yake nufi. Wannan saɓani shi ne abin da maƙalar ta sa gaba.

2.0 Karayar da ake magana a kanta

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙarshen ƙashin cinya, ƙoƙon gwiwa, da saman ƙashin ƙwauri. Kowanensu yana karyewa, amma zan tsaya a kan na ukun. Saman ƙwauri faffaɗa ne kamar dandamali mai ɓangare biyu, na ciki da na waje, kuma a kansa ƙashin cinya ke sauke nauyin jiki. An lulluɓe shi da guringuntsi, sannan kowane ɓangare yana da wani ɗan matashi mai siffar jinjirin wata wanda zan kira gammon gwiwa, tun da aikinsa aikin gammo ne. Idan aka bugi gwiwa daga gefe, ƙashin cinya yakan sauka a kan dandamalin kamar taɓarya a turmi, ya tsaga shi, ko ya lotsa shi, ko ya haɗa duka biyun. Wannan karaya kusan ɗaya ce cikin ɗari na dukkan karayar da ake gani.

Rabe-raben da aka fi amfani da shi shi ne na Joseph Schatzker da abokan aikinsa na Toronto, wanda suka wallafa a 1979. Sun kasa karayar gida 6. Uku na farko a ɓangaren waje suke: tsagewa, tsagewa da lotsawa, sai lotsawa kaɗai. Na huɗu a ɓangaren ciki yake, kuma shi ne maciji a cikin ciyawa, domin yakan zo da gocewar gaɓa da raunin babbar jijiyar jinin da ke bayan gwiwa. Na biyar ya shafi ɓangarorin biyu. A na shida kuwa dandamalin ya rabu da sandar ƙwaurin baki ɗaya. Haɗarin babur yakan kawo mana na biyu da na biyar da na shida.

3.0 Abin da hoto ke gani

Hoton ƙashi na yau da kullum, wanda Röntgen ya gano haskensa a 1895, shi ne har gobe farkon abin da ake nema, kuma a wurare da yawa shi ne na ƙarshe. Ana ɗaukar biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe. Yana da wata alama da ɗalibai ke so: idan aka ɗauki na gefe majinyaci yana kwance, kitsen ɓargo da ya tsiyaya cikin gaɓa yakan taso a kan jini kamar mai a kan miya, layin ya fito tsaf. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa karaya ta shiga gaɓa, ko da ba a ga tsagar ba.

Amma hoton inuwa ce, inuwa kuwa ba ta da zurfi. Dandamalin ƙwauri ba a shimfiɗe yake ba, ya ɗan gangara baya da kimanin digiri 7 zuwa 10. Saboda haka idan ba a karkatar da na'urar daidai da gangaren ba, lotsawar da ke can baya sai ta ɓuya, ko ta fito ƙasa da yadda take. Sikanin CT, wanda Hounsfield ya fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a 1971, shi ya warware wannan, domin yana yanka ƙashi salla-salla. Da shi ne Luo da abokan aikinsa na Shanghai suka fito da tsarin ginshiƙai uku a 2010, suka nuna cewa ɓallen bayan dandamali yana buƙatar tallafinsa daban. Shi kansa Schatzker ya sake duba rabe-rabensa tare da Kfuri a 2018, suka gina shi a kan CT.

Hoton MRI kuma nama yake gani. Gardner da abokan aikinsa a Niyok sun sa majinyata 103 da za a yi wa tiyata a cikin na'urar, suka wallafa sakamakon a 2005: kusan kowa da kowa yana da rauni a gammo ko a jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar, kuma kimanin tara cikin goma gammonsu na waje ya taɓu. Ma'ana, abin da muke kira karaya, rabinsa raunin nama ne wanda hoton ƙashi bai san da zamansa ba.

A nan Sakkwato masu irin wannan rauni suna zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko, wasu kuma su wuce Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Suna zuwa daga Kabi da Zamfara, har da ƙetaren Illela. Mafi yawansu daga aljihunsu suke biya, kuma kuɗin CT ɗaya na iya zama kuɗin wani ɓangare na ƙarfen da za a sa musu. Ra'ayina shi ne, idan kuɗin sikanin ɗaya tak iyali za su iya haɗawa, a kashe shi kafin aiki, lokacin da zai iya canja inda wuƙa za ta bi. Bayan aiki ƙarfen yana watsa haske ya dagula hoton, kuma abin da za a gani ba kasafai yake canja magani ba.

4.0 Shin hoto mai kyau yana nufin gwiwa mai kyau?

Tsohuwar koyarwa ita ce a mayar da saman gaɓa sumul, kada gargada ta wuce milimita 2, in ba haka ba amosanin gaɓa na nan tafe. Hankali ya yarda da wannan. Sai dai gwiwa ba ta bi hankalin yadda aka zata ba.

A 1973 Rasmussen na Gotenbag a Suwidin ya wallafa nazarinsa a kan wannan karaya, ya kuma bar mana ma'aunai biyu da ake amfani da su har yanzu. Na hoto yana da maki 18, ana raba su tsakanin lotsawa, faɗaɗar dandamali da karkacewar ƙafa. Na aiki yana da maki 30: ciwo, nisan tafiya, miƙewa, lanƙwasawa da tsayuwar gaɓa. Abin da ya dogara da shi wajen yanke shawarar tiyata hannunsa ne: yakan miƙe gwiwar ya girgiza ta gefe da gefe, idan ta yi lako-lako sai a yi aiki. Bayan shekara 20 da raunin, Lansinger da abokan aikinsa suka nemo waɗanda suka rage daga cikin majinyatan, suka wallafa a 1986 cewa kusan tara cikin goma suna lafiya da gwiwoyinsu, har da masu lotsawar da ta fito ƙarara a hoto. Waɗanda suka wahala su ne masu gaɓar da ba ta tsaya ba. A 2002 Marsh da wasu manyan likitocin ƙashi suka sake tayar da tambayar, suka nuna cewa dandamalin ƙwauri ya fi sauran gaɓoɓi haƙuri da gargada.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Guringuntsin ɓangaren waje yana da kauri, kuma gammon da ke kansa ya rufe mafi yawan filin, ga shi ɓangaren ciki ne ke ɗaukar kaso mafi girma na nauyi. Rami kaɗan a ƙarƙashin gammo lafiyayye ba ya hana barci. Amma idan ƙafa ta warke a karkace, ta yi gwame ko ta yi baka, to kowane taku yana sauke nauyi a gefe ɗaya, shekara da shekaru. Haka idan dandamalin ya faɗaɗa, ƙashin cinya ya daina zama a kan gammonsa. Haka kuma idan an cire gammon lokacin aiki. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata ido ya fara nema a hoton bayan tiyata, kuma ba a ganin karkacewa da kyau sai an ɗauki dogon hoto daga ƙugu zuwa idon sawu, majinyaci yana tsaye. Mu kuwa mun saba da ɗan guntun hoton gwiwa a kwance, wanda ke nuna kusoshi da kyau ya ɓoye layin ƙafa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a bar gaɓa a wargaje ba. Babbar lotsawa ita kanta tana sa gaɓa lako-lako da karkacewa. Abin da nake cewa shi ne, likitan da ya ƙara awa guda yana buɗe nama mai kumburi don neman milimita ɗaya, yana iya sayen ruɓewar rauni da kuɗin kyan hoto. Gwajin da Ƙungiyar Likitocin Raunin Ƙashi ta Kanada ta wallafa a 2006 ya kwatanta faranti biyu na ciki da ƙarfen zobe na waje irin na Ilizarov a karayar ɓangare biyu. Bayan shekara 2 aikin gwiwa ya zo kusan ɗaya, amma masu faranti sun fi komawa ɗakin tiyata.

Batun amosanin gaɓa ma haka yake. Yakan fito a hoto bayan shekaru, a auna shi da matakan Kellgren da Lawrence na 1957, amma da yawa daga masu shi ba sa kuka da shi. Wasserstein da abokan aikinsa sun bi majinyata fiye da 8,000 a lardin Ontariyo, suka wallafa a 2014 cewa bayan shekara 10, kashi 7.3 cikin ɗari ne aka canja wa gwiwa, a kan kashi 1.8 na waɗanda ba su karye ba. Haɗarin ya ninka kimanin sau huɗu, gaskiya ne, amma fiye da tara cikin goma suna nan da gwiwarsu ta haihuwa. Sai dai a yi hattara wajen ɗauko wannan ma'auni zuwa nan. A Kanada gwamnati ke biyan kuɗin canjin gwiwa. A Sakkwato, rashin canja gwiwa ba shaidar lafiyarta ba ne.

5.0 Ma'aunin da bai san tabarma ba

Yanzu mu koma ga mai tahiya. Tafiya a miƙaƙƙiyar hanya tana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kimanin digiri 60 zuwa 65. Hawa bene da tashi daga kujera, kimanin 90 ko sama kaɗan. Zaman salla kuwa, inda cinya ke haɗuwa da sha-raɓa, yana kaiwa 150 har ya wuce. A ma'aunin Rasmussen, wanda ya kai digiri 120 yana samun maki 5 cikin 6, wanda ya tsaya a 90 yana samun 4. Ke nan mutum zai iya fita da sakamako "mai kyau ƙwarai" a takarda, alhali ba ya iya kai goshinsa ƙasa ya dawo ya zauna.

A lissafa. Sallolin farilla raka'a 17 ne a yini, sujada 34, ban da nafila, ban da asham. Sannan a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, zaman salla a kan ɗuwawun hagu ake yin sa, a kafe ƙafar dama, a fitar da ta hagu ta ƙarƙashinta. Gwiwoyin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba: ana naɗe su, ana kuma murɗa su, kowace ta nata gefen. Saboda haka ko wace ƙafa ce ta karye tambaya ce mai ma'ana a nan, wadda ba za ta zo a ran mai bincike a Gotenbag ba. Na san malamai sun yi bayani cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, wanda ya kasa sujada ya yi nuni. Majinyata ma sun sani. Amma magidanci ɗan shekara 35 da aka ajiye wa kujerar roba a ƙarshen sahu tare da tsofaffi, bai ɗauki kansa wanda ya warke ba, kome hoton ya ce.

Ba salla kaɗai ba ce. Akwai tsugunno a masai. Akwai cin tuwo a tabarma, da zaman makoki, da zaman ɗaukar karatu gaban malam, da durƙusawa gaida surukai. Mace tana shara da gajeriyar tsintsiya, tana girki a murhu bisa 'yar kujerar tsugunno, tana wanki a duƙe. Ɗan kabu-kabu kuma idan ƙafar dama ce, da ita yake tayar da babur, da ita yake taka birki.

A dubi ma'aunin KOOS, wanda Roos ta Suwidin da abokan aikinta suka fitar a 1998, mai tambayoyi 42 a rukuni 5. Ma'auni ne mai inganci. Amma a rukunin harkokin yau da kullum yana tambayar shiga kwamin wanka da sa safa, sai ya kai tsugunno da durƙuso rukunin wasanni da shaƙatawa. Abin da Basuwide ya ɗauka wasa, shi ne ibadar Basakkwace da bayan gidansa. Dattijuwar da aka karanta wa kan rukunin za ta ce ita ba ta wasa, a tsallake, a rasa amsar da ta fi kowace muhimmanci.

Ba sai mun fara daga tushe ba. Masana gashin ƙashi na Jami'ar Ibadan sun tsara ma'aunin amosanin gwiwa da ƙugu da ya dace da rayuwar Nijeriya, wanda ya shigar da zaman salla da durƙuson gaisuwa, kuma Odole da Akinpelu sun wallafa gwajin fassararsa ta Hausa a 2008. Don amosani aka yi shi, ba don karaya ba, amma ya fi dacewa a gwada shi a kan majinyatanmu da a ci gaba da tambayarsu kwamin wanka.

6.0 Abin da ke sandarar da gwiwa

Sandarewa ba ta fitowa a hoton ƙashi. Tabo ne ke mannewa a cikin gaɓa da ƙarƙashin tsokar cinya, kuma zama wuri ɗaya ke ciyar da shi. Ko a Edinbara, inda gashin ƙashi kyauta ne, Gaston da abokan aikinsa sun ruwaito a 2005 cewa bayan shekara guda kashi 14 cikin ɗari na masu wannan karaya ne kawai ƙarfin tsokar cinyarsu ya dawo daidai, kuma waɗanda suka haura shekara 40 sun fi jinkiri. To ina ga namu?

Majinyacinmu yakan fara da maɗori. Ba na cikin masu zagin maɗora. Suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, suna karɓar biya kaɗan-kaɗan, kuma a karayar tsakiyar ƙashi da ba ta goce ba sau da yawa aikinsu na ci. Amma karayar cikin gaɓa ba a lalubo ta da hannu, kuma ɗaurin kara mai tsanani a kan ƙwauri mai kumburi yana iya shaƙe tsoka cikin awoyi kaɗan, har a rasa ƙafar. Wanda ya tsira daga wannan yakan iso asibiti bayan mako uku ko huɗu, ƙashi ya fara ɗanko a karkace, gwiwa ta riga ta fara ƙagewa. Sai a ƙara kwanakin haɗa kuɗin ƙarfe. Bayan aiki kuma a hana shi taka ƙafar mako 8 zuwa 12, abin da yake daidai ne, amma shi da iyalinsa su fahimci cewa an hana shi motsa ta ne baki ɗaya. Kalma ɗaya ce ke ɓata aikin: "kada ka taka" daban, "kada ka motsa" daban. Amfanin ƙarfen ma ai shi ne a samu damar lanƙwasa gwiwa tun kwanakin farko. Idan an sa ƙarfe sannan aka miƙe ƙafa a kan filo wata biyu, an haɗa wahalar tiyata da illar siminti.

Sai gashin ƙashi. Wanda ya zo daga Tangaza ko Isa ba zai yi ta zirga-zirga sau biyu a mako ba. Abin da zai yiwu shi ne a koya wa mai jinya, ɗan'uwa ko mata, atisaye uku ko huɗu kafin sallama, a ba su adadi a hannu: digiri 90 kafin mako na shida, in ba a kai ba a dawo da wuri, tun tabon bai ƙeƙashe ba. Kusan kowane gida akwai wayar da ke ɗaukar hoto. Majinyata sun saba turo hoton ƙashi ta WhatsApp, an ɗaga shi a jikin taga. Hoton da ya fi amfani shi ne na ƙafar kanta daga gefe, yana zaune bakin gado ya ja diddige baya iyakar iyawarsa, domin daga shi ana iya ƙiyasta kusurwar.

Ga masu niyyar bincike a cikinmu, musamman likitocin da ke neman ƙwarewa kuma suke farautar batun kundi, ga aikin da ba ya buƙatar sabuwar na'ura. A rubuta kwana nawa tsakanin rauni da tiyata, da ko an biya ta wurin maɗori. A ɗauki dogon hoto a tsaye a wata na shida da na goma sha biyu, a auna layin ƙafa da faɗin dandamali da lotsawa, kowane daban. A auna lanƙwasawa da ma'aunin kusurwa, ba da ido ba. Sannan a shimfiɗa tabarma a ɗakin duba marasa lafiya, a sa labule saboda mata, a ce wa majinyaci ya sauka ƙasa, ya yi zaman tahiya, ya tashi, a rubuta ko ya dafa bango.